Garin azurfar da ke cikin kayan aikinmu

Duk mai aikin wuta ya san ƙarar kwantakta, makunnin nan da ke haɗa wa inji wutar lantarki ya kuma yanke ta, in ta kama: tak! sai famfon bohol ya tashi. In ka kwance murfinta ka leƙa, za ka ga a bakin kowane ƙarfe da ke haɗuwa da ɗan'uwansa an liƙa wani ɗan ɓalli fari, faɗinsa milimita kaɗan. Sauran jikin kwantaktar roba ce da jan ƙarfe da waya da sifirin. Ɗan ɓallin nan kuwa azurfa ce, kuma a kansa ne za a gane ko kwantaktar za ta yi shekaru tana aiki ko damina ɗaya za ta gama da ita. Da yawa daga cikin waɗannan ɓallaye ba daga dunƙulen azurfa aka yanko su ba. Gari ne aka danne shi, aka gasa.

Sana'ata haɗa allon sarrafa bohol, ɗaura sola, da gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki a nan cikin Katsina. Amma ta wajen uwa jikan maƙeran fari ne ni, kuma har yau kawuna yana nan a zaurensa yana ƙera zobba da awarwaro da kayan adon doki da ake fita da su hawan sallah a Ƙofar Soro. Saboda haka tun ina yaro na san azurfa ta fuska ɗaya, sai da na girma na tarar da ita ta wata fuskar, a cikin akwatunan roba masu rubutun Sinanci da Jamusanci.

A wurin Kawu na fara ganin garin azurfa. Yana zama ne da wata tsohuwar fata shimfiɗe a cinyarsa, duk burbushin da magagari ya zubar a kanta yake sauka. Da yamma sai ya tattara shi a hankali ya juye a wani ɗan gwangwani. In zai liƙa kan zobe da jikinsa, ba ya sayen komai a kanti. Yakan narka 'yar azurfa da ɗan jan ƙarfe da tagulla, ta daskare, ya goge ta da magagari ta zama gari, ya kwaɓa da sinadarin liƙi da ɗigon ruwa, ya ɗora a kan mahaɗar da tsinke. In ya hura wuta, garin ne ke fara narkewa ya kwarara cikin tsagar, zoben kuwa yana nan yadda yake.

Na taɓa tambayarsa me ya sa garin ke riga zoben narkewa alhali duk azurfa ce. Ya ce, “Ɗana, tsantsa taurin kai gare ta. In ka sa mata abokin zama sai ta yi laushi.”

Lissafin masana ma haka ya nuna. Tsantsar azurfa sai zafi ya kai digiri 962 a ma'aunin Salshiyas take narkewa, jan ƙarfe kuma sai 1,085. Amma in ka haɗa kashi 72 na azurfa da kashi 28 na jan ƙarfe, haɗin yana narkewa a wajen digiri 780, ƙasa da kowannensu, kuma lokaci guda yake zama ruwa ba tare da ya tsaya yana dagwalo ba. Wannan haɗin na 72 da 28 shi ne masana'antu ke sayarwa a gari ko a kwaɓe don liƙa sassan na'urori a cikin tanderun da aka zuƙe wa iska. Abin da Kawu ke yi da ido da ƙwarewar hannu, su da sikeli suke yi.

Akwai kuma abin da yake kira tofin azurfa. In azurfar ta yi tsabta sosai, ya narka ta ya bar ta a buɗe, tana cikin daskarewa sai ka ga samanta ya yi ƙuraje tana fesar da 'yan ɗigo. Shi ya sa yake barbaɗa mata garin gawayi tun tana cikin tukunya. Dalili kuwa, narkakkiyar azurfa tana shan iskar oksijin da ta ninka girmanta kusan sau ashirin, in ta zo daskarewa sai ta amayar da ita. Wannan halin nata ne ya sa masu yin gari mai inganci ba sa barin ta ta haɗu da iskar waje. A cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe suke tsiyayo narkakken haɗin ta wata 'yar ƙofa, su buge shi da iskar naitirojin ko agon mai tsananin ƙarfi, ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo, kowane ɗigo ya daskare kafin ya kai ƙasa. Ƙwayoyin da ake samu ta wannan hanya mulmulallu ne. In da ruwa aka buge shi maimakon iska, ƙwayoyin sukan fito da kusurwoyi, kuma irin waɗannan sun fi kama juna in an danne su. Gari mafi laushi kuwa ba ta narkarwa a wuta ake yin sa ba. Ana narkar da azurfar ne a cikin asid ta zama ruwa garau, sannan a zuba wani sinadari da zai sa ta sake fitowa ta kwanta a ƙasa, ƙwaya-ƙwaya. In ana son falle-falle, sai a sa shi a injin niƙa mai ƙwallaye ya daddaƙe shi.

Duk matar da ta taɓa tankaɗe ta san tsaki daban, garin tuwo daban, garin kunu daban, ko da hatsin ɗaya ne. To haka kasuwar garin azurfa take. Mai saye ba ya cewa a ba shi azurfa kilo kaza ya yi shiru. Sai ya faɗi girman ƙwayar da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ya faɗi siffarta, ya faɗi abin da aka gauraya, sannan ya faɗi tsabta.

Batun tsabtar nan ya kamata a tsaya a kansa. Azurfar da Kawu ya fi so a hannunsa ita ce ta tsofaffin kuɗi. Akwai manyan nan masu hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, waɗanda duk shekarar da aka buga su 1780 ake rubutawa a jiki, kuma sun yi yawo sosai a kasuwannin ƙasar Hausa da Barno kafin zuwan Turawa. Kowane ɗaya giram 28 ne, azurfar cikinsa kashi 83 da ɗoriya cikin ɗari. Sai sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913, waɗanda na farkonsu kashi 92.5 ne, daidai da lambar 925 da kuke gani a cikin zobban kanti. Ga maƙeri wannan azurfa ce mai kyau, don ragowar jan ƙarfen shi ke ba ta ƙwari. A wurin mai yin garin da za a sa a kayan lantarki kuwa, daga 99.9 ake fara magana, wasu ma sai 99.99, wato a kilo guda baƙon abu kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na giram. Ba fankama ba ce. Ƙwayar gari kusan duk jikinta fata ne, ɗan dattin da zai ɓace a cikin dunƙule sai ya rufe ta ya hana ta kama 'yar'uwarta. In kuma a tanderun da babu iska za a yi aiki, 'yar tutiya ko darma da ta saura a ciki za ta tashi ta zama tururi ta lalata abin da ake liƙawa. Ko gaurayen ma, tsarkakakkiyar azurfa ake haɗawa da tsarkakakken abokin haɗi a kan ma'auni. Gauraye daban, gurɓata daban.

To me ya sa sai gari? Amsar tana cikin kwantakta.

Duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai azurfa saurin wuce da wutar lantarki, jan ƙarfe ma bayanta yake bi. Amma tana da laushi. Famfon bohol in zai tashi yakan ja wutar da ta ninka wadda yake ci yana gudu sau shida ko bakwai, kuma duk lokacin da bakunan nan suka haɗu ko suka rabu sai tartsatsi ya tashi a tsakaninsu, zafinsa dubban digiri. Tsantsar azurfa a wurin za ta narke ta manne da 'yar'uwarta. Dole a sa mata wani abu mai taurin da zai jure. Matsalar ita ce abubuwan da suka dace ba sa yarda su narke tare da ita. Nikel da azurfa ko an narka su rabuwa suke yi. Tongistan kuwa sai digiri 3,422 yake narkewa, alhali azurfa tun a 2,162 ta tafasa ta bi iska. Babu tukunyar da za ta haɗa su. Sai dai a kawo garin wannan da garin wancan, a gauraya su sosai, a danne da injin matsi, a gasa a zafin da bai kai na narkewa ba, har ƙwayoyin su kama juna. Ta haka ake samun azurfa mai kashi 10 na nikel a ƙananan rile da makunnai, mai wajen kashi 12 na oksaid ɗin kuza a kwantaktocin injinan lantarki, mai tongistan a manyan birekoki. Da ido ɓallin fari ne kawai, amma a ciki azurfar na wuce da wuta, ƙwayoyin tauri kuma suna tsaye suna hana ta gudu da mannewa.

Kwanakin baya wani Alhaji da ke da lambu a hanyar Batsari ya kira ni, wai famfonsa ya ƙi tsayawa. An danna jan maɓalli, shiru, yana ta aiki har tanki ya yi ambaliya, sai da yaron lambun ya kashe janareta. Da na buɗe allon na tarar da bakuna biyu cikin uku sun manne, sai da na sa sukudireba na ɓamɓare su. Ɓallin ya cinye. A inda ya kamata a ga farin ƙarfe mai kauri, ja ne ke leƙowa: jan ƙarfe ne aka yi wa ɗan shafen azurfa a sama. A jikin kwalin kuwa sunan wani babban kamfani ne, har da tambari.

Na kawo masa guda biyu na ajiye a kan tabarma, na faɗi kuɗin kowacce. Ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan.

“Malam, ai duk abu ɗaya ne. Kala ɗaya, lamba ɗaya. Wannan ninkin kuɗin na mene ne?”

“Ranka ya daɗe, na abin da ke ciki ne.”

Na kwance su duka a gabansa, na miƙa masa bakunan. Ya sa tabarau ya juya su a tafin hannu, ya kankari ɗaya da farce, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “To, araha dai ba ta ado. Sa mai tsadar.” Da ya ƙi, ni ma ba zan ga laifinsa ba sosai, don mutum ba ya iya ganin cikin roba a kanti, kuma jabun sun iya kwali fiye da na ainihin.

Wani abu da nake yawan faɗa da yarana a kai shi ne gogar bakin kwantakta. Suna ganin ya yi baƙi sai su ɗauko samfefa. Baƙin nan ba ya hana aiki, dusashewar azurfa ce kawai, kuma tartsatsin da bugun bakunan suna share shi da kansu. In ka goge, azurfar da aka biya kuɗi ka zubar a ƙasa, ka kuma bar ƙwayoyin yashi a wurin. In ɓallin ya cinye a canza, in bai cinye ba a bar shi.

A gyaran firij ma ga ta nan. Sandar waldar da muke liƙa bututun gas da ita jan ƙarfe ce da fosfaras, wata babu azurfa ko kaɗan, wata kashi 2, wata 5, wata 15. Mai 15 mahaɗarta ba ta saurin tsagewa in ana girgiza. Amma duk cikinsu babu wadda ta dace da baƙin ƙarfe, don fosfaras in ya haɗu da shi mahaɗar gautsi take yi. In jan ƙarfe da baƙin ƙarfe za ka haɗa, sai mai azurfa kashi 45 ko 56 tare da sinadarin liƙi. A masana'antun da ke ƙera firij dubbai, irin wannan haɗin a kwaɓe ake sayen sa, inji ya ɗiga shi a kowace mahaɗa daidai gwargwado.

Masu gyaran waya kuwa kullum hannunsu cikin garin yake ba su ankara ba. Kwaɓin nan mai ruwan toka da ke zuwa a sirinji ko ɗan kwalba, in ka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙananan ƙwallaye ne masu maikiron 20 zuwa 45 suna iyo a cikin sinadari. Na da, kuza ce kashi 63 da darma 37, yana narkewa a digiri 183. Tun da Tarayyar Turai ta hana darma a yawancin kayan lantarki a 2006, masana'antu suka koma haɗin kuza 96.5, azurfa 3, jan ƙarfe rabi, wanda sai wajen 217 yake narkewa. Shi ya sa allon wayar zamani ke neman zafi fiye da yadda hannun tsofaffin masu gyara ya saba.

Inda garin azurfa ya fi tafiya yanzu shi ne a kan rufin gidajenmu. Ka matsa kusa da fanel ɗin sola ka duba da kyau, za ka ga siraran layuka farare jere a kan kowane ɗan fili mai duhu, sun fi gashin kai siranta. Ba waya ba ce aka shimfiɗa. Kwaɓi ne aka buga ta cikin raga, yadda masu buga rubutu a riga ke yi. Mafi yawansa garin azurfa ne mai ƙwaya maikiron ɗaya zuwa biyu, da ɗan garin gilashi, da mai da ke riƙe su. Ana wuce da shi ta tanderu mai zafin wajen digiri 800 na ɗan taƙaitaccen lokaci, man ya ƙone, gilashin ya huda siririn rufin da ke kan silikon ɗin, azurfar ta kama. Duk wutar da rana ta haifar a fanel ta waɗannan layuka take fita. A fanel guda giram kaɗan ne, amma a 2023 kawai sola ta cinye sama da oza miliyan 190, wajen tan dubu shida, a lissafin cibiyar Silver Institute ta Amurka. Abin da ake haƙowa a duniya a shekara kuwa wajen tan dubu 25 ne zuwa 26, Meksiko a gaba, sai Sin da Peru, kuma mafi yawansa tsintuwa ce a ma'adinan darma da tutiya da jan ƙarfe da zinariya. Ke nan ko farashi ya tashi, ba a iya cewa gobe a ninka haƙa.

Cikon haƙori mai launin toka da manyanmu da yawa ke da shi a baki shi ma daga nan yake: garin azurfa da kuza da jan ƙarfe ne ake girgizawa da zaiba, kusan rabi da rabi. Saboda zaibar, tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da ita, ƙasashe ke ja da baya daga gare shi, Tarayyar Turai ma ta hana daga farkon 2025 sai inda likita ya ga babu makawa.

Akwai abin da ke damuna a nan gida. 'Yan gwangwan sun gano sirrin ɓallin nan, yanzu tsohuwar kwantakta da bireka kuɗinsu daban ne. Wannan ba laifi ba ne, gara a tsince ta da a binne ta a bola. Amma na ga yadda wasu yara ke cire shi: su riƙe ƙarfen da filaya, su sa masa wutar gas har ɓallin ya faɗo, fuskarsu a kan hayaƙin, a cikin shago mai ƙofa ɗaya. Tsofaffin kwantaktoci da yawa azurfarsu da oksaid ɗin kadmiyam aka haɗa ta, haka ma wasu tsofaffin sandunan walda masu saurin narkewa. Hayaƙin kadmiyam yana ƙona huhu, kuma ba nan take mutum ke jin illarsa ba, sai bayan sa'o'i. A hankali kuma yana taruwa a ƙoda. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar darma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. In dole sai an cire ɓallin, a yanke shi da almakashin ƙarfe a sayar da shi yadda yake, a bar narkarwa ga masu kayan aikinta.

A watan Oktoban 2025 farashin azurfa ya haura dala 50 kowace oza, matakin da ta taɓa kusanta a 1980 da 2011 ta dawo. Masu yin sola suna ta rage kaurin layukansu, wasu sun fara amfani da garin jan ƙarfe da aka yi wa rigar azurfa. Kawu ya daina yanka kuɗin zobe sai ya sayo azurfar tukuna, masu son zoben sunna kuma suna ta ƙorafi. A layinmu kuwa, masu gyaran firij da yawa sun koma sandar da babu azurfa a ko'ina, shi ya sa za ka ga an cika gas yau, bayan 'yan watanni ya tsiyaye ta wuyan kwamfaresa. Ni yanzu raba su nake yi. Mahaɗar da ke zaune lafiya ina sa mata marar azurfa, wadda ke jikin kwamfaresa inda girgiza take kuwa mai kashi 15 nake sa wa, kuma a takardar kuɗi layinta daban nake rubutawa, don in mai kaya ya tambaya in ɗauko guntun sandar in nuna masa.